Mestin da Cokalin Baba Soja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in ce komai, ina so mai karatu ya san ban amince wa ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Shekara biyar na zauna a gidan Baba Soja a Gusau lokacin da nake jami'a, kuma abin da na gani da idona a wannan zama zan iya tsayawa a kansa. Amma mafi nauyin abin da ke cikin rubutun nan ya faru tun mahaifina bai isa shiga makarantar allo ba. A bakin mutane na tsince shi, kuma baki yakan ƙara, yakan rage. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, ba zan ɓoye ba.

Baba Soja ƙanin kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu wata Talata da hantsi bayan jinyar kwana huɗu. Kafin a gama yi masa wanka, ƙofar gidan ta cika, har aka aro tabarmi daga masallaci. Ina cikin masu shimfiɗa, don haka na ji abin da mutane ke faɗa. Na lura duk wanda ya buɗe baki zai yabe shi, sai ya ƙare da magana guda.

Mai shayin bakin layinmu ya ce, "Shekara ashirin shina zuwa teburina, bai taɓa shan shayi da kofina ba. Da nashi yake zuwa, kamar mai zuwa awo."

Wani dattijo daga majalisarsu ya ce, "Mutum ne har da rabi. Sai dai ba a ci da shi."

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ba ta wuce haƙora. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Goggo, ta iso daga Kekun Waje inda take aure. Na tare ta a zaure na karɓi jakarta. Tana kuka ta ce mini, "Ni ɗiyarshi ce, amma har ya koma ga Allah ban san ɗanɗanon ragowar ubana ba."

Kakana ya zo daga garinmu Magami duk da halin da hanya ke ciki. Ya haura tamanin da biyar, da sanda yake tafiya, amma ya tsaya a sahun gaba aka yi sallah da shi, ya bi mu har maƙabarta. Bayan an rufe kabari, liman ya juyo ya roƙi jama'a, duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Muryoyi suka tashi: mun yafe, mun yafe. Kakana yana tsaye daidai kan kabarin, bakinsa a rufe. Liman ya san su duka biyun, sai ya dube shi ya ce a hankali, "Alhaji?"

Kakana ya ce, "Allah shi jiƙan musulmi." Ya juya ya nufi mota. A ranar ya koma Magami.

Babu wanda bai gane ba. Da muka dawo, Inna, matar marigayin, ta aiko a kira ni. Ta shiga takaba, tana zaune a tabarma a ƙuryar ɗaki. Ta ce, "Kai jikan wancan ne, kuma ɗan gidan ga ne. Tsohon nan shi ma ƙafarshi ɗaya na cikin rami. Kada ka bari su haɗu can da wagga magana." Na ce to, alhali ban san ta inda zan ɓullo wa abin ba. Rigima ce ta shekara arba'in da ɗoriya, kuma tushenta kwanon cin abinci ne.

Dole in bayyana kwanon, don wanda bai san shi ba bai san mutumin ba. Mestin ake kiransa, kwanon da ake ba soja ya ci abinci a daji. Na Baba Soja guda biyu ne, na farin ƙarfe mara nauyi, masu kusurwa huɗu, kowanne da mariƙi mai naɗewa, ƙaramin yana shigewa cikin babban. A cikin ƙaramin yake ajiye cokali, da wuƙa mai naɗewa, da ɗan mabuɗin gwangwani wanda bai kai tsawon babban yatsa ba. Akwai kuma kofin ƙarfe mai ɗan lanƙwasa a gefe, wanda ya ce an yi shi haka ne don ya zauna a gindin gorar ruwa. Duka suna cikin wata jakar kaki da ke rataye a ƙusa a zaure. Cokalin yana da huda a ƙarshen mariƙi da igiya a ciki, kuma bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda kankarar kwano. Ya taɓa gaya mini cewa ranar da aka sallame shi daga aiki an karɓi komai, har takalmi, aka bar masa waɗannan. Na ɗauka alheri aka yi masa.

Kurtu yake kirana, wato sabon soja da bai san komai ba, kuma har na gama digiri bai ƙara mini girma ba. Yakan ce, "Kurtu, soja in ya ɓad da hula, saje ka hore shi. In ya ɓad da cokali, cikinshi ka hore shi." Babban mestin na tuwo ne da shinkafa, ƙaramin na abin sha, kuma ba ya haɗa su. "Wanda ya haɗa su," in ji shi, "ya sha shayi mai daddawa." Yakan ba mu labarin yadda ake dafa abu uku a wuta ɗaya kafin a busa usur, yadda ake jiƙa biskit ɗin soja mai taurin dutse a ruwan zafi a zuba masa naman gwangwani ya zama abinci, da yadda mutum ke gane dare zai yi tsawo in aka raba gwangwani ɗaya ga mutum uku. Labarin harbi kuwa bai taɓa ba mu ba. In aka matsa masa sai ya ce shi yaƙin da ya sani na ciki ne.

Da kansa yake wanke kayan. Toka da yashi tukuna, sannan tafasasshen ruwa, sannan ya kife su a kan katanga su sha rana. Inna ba ta taɓa su, 'ya'yansa ba su taɓa su. Lokacin da zan tafi bautar ƙasa na yi masa wasan jika, na ce ya ba ni aron mestin tunda shi yanzu ba inda za shi. Ya ce, "Ko janar ka zama ba ka ci cikin wanga." Washegari ya je kasuwa ya sayo mini sabon cokali, ya zauna da ƙusa da guduma ya huda mariƙin, ya zura igiya, ya rataya mini a wuya a gaban kowa. Abokaina sun yi mini dariya a sansani kwana biyu. A kwana na uku suka fara zuwa aro.

Abin da ya fi ɓata masa suna a gida shi ne ragowa. Kowa ya san magidanci ba ya siɗe kwano. Yana barin loma biyu da ɗan nama ya miƙa wa yara, kuma yara suna rububin wannan fiye da nasu kason. Baba Soja bai taɓa yi ba. In ya rage abu, sai ya zagaya bayan gida ya tona rami ya binne, ko kaji ba ya ba. Abin da na gani da idona, kuma na tabbata, shi ne tun kafin a zuba masa yakan leƙa madafa ya ce wa Inna, "Cire na yara." Sau da yawa naman duka ke tafiya can. Amma yaro ba ya lissafa abin da aka cire a tukunya, abin da aka miƙo masa daga hannun uba yake gani. Shi ya sa jikokinsa suka tashi suna ce masa marowaci a bayan ido, wasu ma a gaban ido, yana dariya.

A shekarata ta uku a gidan, mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka cika wani gini da ba a gama ba a bayan layinmu, manoma da Fulani a haɗe. Aka kawo musu taimakon abinci, har da kifin gwangwani da tumatir da madara. Wanda ya aiko kayan bai tuna cewa gwangwani na buƙatar mabuɗi ba. Mata suka riƙa sa wuƙa suna bugawa da dutse, har wata ta tsaga tafin hannunta. Baba Soja na jin haka ya ɗauki jakarsa. Ya wanke hannu har gwiwa, ya ja gefen rawani ya rufe baki da hanci, ya zauna a kan bulo. Kwana uku yana buɗe gwangwani da ɗan ƙarfen nan. Wanda ya ƙare kuma ba ya bari a yar. Ya nuna musu yadda ake huda babban gwangwanin madara a gindi da gefe ya zama murhu mai cin gawayi kaɗan, da yadda ake danne bakin na kifi da dutse ya zama kwanon yaro wanda ba ya yanka.

Wata mata ta dubi rawanin da ya rufe fuska da shi ta ce, "Baba, wari muke yi?"

Ya ce, "Ni ka wari, ɗiyata. Miƙo na gaba."

Da suka dafa suka kawo masa, ya ɗiba a mestin ɗinsa ya koma gefe ya juya baya. Matan suka ji ba daɗi. Wani tsohon Bafulatani kaɗai ya gyaɗa kai ya ce wannan mutum ya san kunya, an yi masa tarbiyya. A iya sanina wannan ne karo ɗaya da wani ya yaba masa a kan halin nan.

Yanzu sai rigimar. Na ji ta daga bakin mutum uku a Magami, sun saɓa a kan ko rago aka yanka ko bunsuru, amma sun haɗu a kan sauran. Ranar da Baba Soja ya dawo gida bayan an sallame shi daga soja, kakana ya tara dattawan gari. Kakata, matar kakana, ita ta yi girkin. Ta kawo furar maraba a ƙwarya, sai sojan ya ciro kofinsa ya tsiyaya. Aka ɗauka sabo ne na bariki. Aka kawo tuwon dawa a akushi, maza suka kewaye, sai ya ciro mestin ya yanki nasa ya ja da baya, ya zaro cokali daga wuya.

Kakana ya ce, "Mi ka gani cikin tuwon?"

"Ban ga komi ba, Yaya."

"To sa hannu."

"Ba ni sawa, Yaya."

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an ce girman kai ne an wuce. Amma bayan an gama, ya ajiye mestin ya tashi alwala, kakata ta zo kwashe kwanuka ta haɗa da nasa za ta wanke. Ya hango ta, ya yo gudu ya fizge daga hannunta da ƙarfin da har ta yi taga-taga. A tsakar gida, a gaban matan unguwa.

A wurinmu, mutum ba ya hana mace taɓa kwanonsa sai in yana tsoron abin da za ta sa masa a ciki. Kafin mako ya zagayo, magana ta gama gari cewa sojan da ya zaga duniya ya ga wani abu a hannun matar wansa. Kakata daddawa take yi, kuma an ce har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa saye. Aka daina. Mata suka hana 'ya'yansu karɓar abin hannunta. Ba wanda ya taɓa faɗa mata a fuska, saboda haka ba ta taɓa samun wanda za ta yi wa rantsuwa ba. Na san ta a tsufanta, mace mai yawan shiru, in ta ba yaron maƙwabta ƙuli-ƙuli sai ta tsaya ta ga ko zai ci. Da wannan ta rasu.

Kakana ya nemi ƙaninsa ya faɗi dalili a gaban mutane ko ya ci da shi a kwano ɗaya sau ɗaya tak. Ya ƙi duka biyun. Sai kakana ya yanke cewa daga ranar iyakarsa zaure. Haka aka yi. Ko da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, ɗauko ta ake yi a kawo ta zaure ya gan ta. Suna gaisawa a sallah da wurin rasuwa, zumunci bai yanke ba, shi ya sa ma da na samu jami'a gidansa aka kai ni. Amma ranar da zan taho, kakana ya ce mini, "Ka tahi da kwanonka. Gidan can ba a ci da mutane."

Wasu a gari sun ce asirin bindiga aka ba Baba Soja, mai karyewa in ya haɗa hannu da wani. Na taɓa tambayarsa kai tsaye, wata rana yana goge cokali. Ya ce, "Oda ce." Na ce odar wa? Ya ce, "Kurtu ba ya tambayar odar wa."

A rana ta biyu ta zaman makoki, da la'asar, aka sauke wani tsoho daga bayan babur. Daga Bilbis ya taso, ta ƙasar Tsafe. Ya ce tare suka yi aiki da marigayi, kuma Kofur ake ce masa har yau. Aka kawo shinkafa da wake a faranti, ya wanke hannu ya sa tare da mu. Mai shayi ya kasa haƙuri ya ce, "Ashe sojoji na ci da mutane?"

Tsohon ya ce, "Mi kake nufi?"

Aka ba shi labari. Ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, "Har ya mutu bai bari ba?" Ya maida lomar, ya ce a kawo masa jakar. Na ɗauko. Ya kife babban mestin ya matso da shi kusa da idonsa ɗaya mai gani, ya nuna mini wani ɗigon jan fenti a gindin, wanda na sha gani na ɗauka lamba ce. Ya ce in kai shi wurin matar marigayi, maganar ba ta taro ba ce.

Ya zauna a bakin ƙofa, Inna tana ciki, ni ina tsaye. Ya ce wata damina suna daji tari ya kama Baba Soja, har ya fara fitar da jini. Tarin fuka ne. Ya yi watanni a asibitin soja ana yi masa allura. A ɗakin masu tari, kowa an ɗiga wa kayan cinsa jan fenti, kuma likita ya jera su ya ba su oda: kowa da kwanonsa da cokalinsa da kofinsa, shi zai wanke abinsa, kada wani ya taɓa, kada wani ya ci ragowarsa. Ya warke sarai aka sallame shi. Mai kula da sito ya ga jan fenti ya ƙi karɓar kayan, shi ne dalilin da aka bar masa su.

"Sauran da sunka warke, a bola sunka zuba nasu," in ji Kofur. "Na ce mashi kai ma yar. Ya ce likitan da ya ba da oda an yi mashi canjin wuri, kuma ba wanda ya zo ya ce an janye. Na ce kai wawa ne, ka warke. Ya ce in ya yar kuma wani ya ɗauki tarin a gidansu, wa za a tambaya?"

Inna ta ce daga ciki, "To mi ya hana shi hwaɗi?"

"Hajiya, kin manta zamanin? Gidan da anka ce akwai tarin ga, wa ka neman aure ciki? Ƙannensu mata biyu na gida, ga ɗiyan wanshi na tasowa. Ya roƙe ni kada in buɗe baki muddin shina numfashi. To yanzu ba ya yi."

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Ranar da anka kawo ni ya ce mini oda ce. Shekara arba'in ina jin haushin bai yarda in wanke mashi kwano ba. Na ɗauka ƙazama ya ɗauke ni."

Da yake ba na son in kai maganar da ban bincika ba, na je wurin wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar lafiya. Ta ce a da kam ana ba da irin wannan umarni, amma cutar ta iska take bi, ba ta kwano ba, kuma wanda ya sha magani ya warke ba ya sa wa kowa. Ni ba likita ba ne, abin da ta faɗa nake maimaitawa. Na kuma je wurin liman na tambaye shi ko wannan ba tona asirin mamaci ba ne. Ya ce asirin da rufe shi ke barin zargi a kan baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba, buɗe shi ya fi. Inna ta ce in ɗauki jakar in tafi.

Da sassafe na shiga motar Magami. Na tarar da kakana a zaure yana ɓare gyaɗa. Ya dubi jakar kafin ya dube ni.

"Mai boko. Roƙo anka aiko ka?"

"Magana na kawo, Kaka."

"Aje wancan abin waje tukuna."

Na ajiye a bakin ƙofa, na zauna na fara. Na san ban faɗe ta da kyau ba. Na ce wai akwai wani tsoho, an ce wai sun yi aiki tare, kuma mai yiwuwa ne, in har abin da ya faɗa haka yake. Kakana ya buga sanda a ƙasa.

"Kai, bar mini wai-wai. Kuɗin makarantar da anka kashe maka na wai ne? Ya yi tarin ko bai yi ba?"

Na ce, "Ya yi."

"Ɗauko."

Na ɗauko jakar. Shi da kansa ya ciro mestin, ya kife, ya sa farce ya kankari jan fentin. Ina jin wannan ne karo na farko da hannun wani ɗan gidanmu ya zauna a kan kwanon nan ba a fizge ba. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ranar da ya ƙwace daga hannunta, tsoron kada ta ɗauki tarin ya yi."

"Haka ne, Kaka."

Na yi niyyar in bar maganar ma'aikaciyar lafiya, don na ga ba ta da amfani sai ƙarin ciwo. Amma shi ya tambaya. Ya ce, "Da ya sa hannu cikin akushin, da mun ɗauka?" Na ce a'a, ya riga ya warke, ba abin da zai same ku.

Ya ce, "Wawa. Wawan soja." Ya faɗa har sau uku, muryarsa tana raguwa. Ya ja hannun riga ya goge fuska, ya ci gaba da ɓare gyaɗa, yana jefa ƙwayar cikin ɓawo, ɓawon cikin ƙwarya, bai lura ba.

Da ya natsu ya ce, "Nawa na yahe, duniya da lahira. Ka gaya wa matarshi, ka gaya wa limamin da ya tambaye ni. Amma na kakarka ba nawa ba ne balle in yahe. Ya ga abin da take sha, ƙannenmu sunka yi aure, ɗiyana sunka yi aure, ya ci gaba da shiru. Wannan su biyu su yi ta can."

A nan ba zan iya kare Baba Soja ba, kuma ba zan gwada ba. Shirun farko na gane shi. Na baya ban gane ba. Kofur ya ce ya taɓa yi masa wannan tambaya, ya amsa cewa maganar ta yi tsawon da ba ta da bakin kamawa. Wataƙila kunya ce, wataƙila taurin kai irin na gidanmu, wanda kakana ma bai rasa ba. Abin da na tabbata shi ne mutumin nan ya ci abinci shi kaɗai fiye da shekara arba'in, ya ji jikokinsa na ce masa marowaci, ya ga uwarsa a zaure kamar baƙo, duk don kada wani ya yi tarin da ya yi. Allah ya duba wannan, ya yafe masa wancan, ya sa ya huta.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, kakana ya miƙe a masallacin Magami ya faɗi maganar da bakinsa, ya ce kowane magidanci ya kai ta cikin gida, don a can aka ɓata matarsa. Ya kuma ce in rubuta saboda dangi na nesa, kuma Inna da Goggo sun amince. Dalilin wannan takarda ke nan.

Amma kafin in baro Magami a wancan zuwa na farko, ya kira ni daga bakin ƙofa. Ya ce, "Shekara biyar kana gidanshi. Na hana shi shiga wurin uwarshi. Ka taɓa ji ya ce ya yahe mini?"

Na so in ce i. Na tsaya na bi shekarun nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Na ji yana yi masa addu'a, na ga yana aika masa goro da sallah, ban taɓa jin ya faɗi mummunar kalma a kansa ba. Amma wannan kalmar ban ji ta ba. Na ce, "Ban ji ba, Kaka." Ya ce, "To tambaya." Na tambayi Inna, na tambayi Goggo, na koma har Bilbis wurin Kofur. Ba wanda ya iya cewa ya ji da kunnensa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, abokan aikinsa na ƙasar Tsafe, surukansa na Bungudu, 'yan majalisarsa na Gusau, in na yi kuskure a wani wuri a aiko mini in gyara, ba zan ji haushi ba. Amma in akwai wanda ya taɓa jin Baba Soja ya ce ya yafe wa wansa, ko sau ɗaya, ko cikin raha, kada ya tsaya aiko mini. Ya je Magami ya faɗa wa tsohon da bakinsa. Kada a ƙirƙira don a faranta masa, zai yi tambayar wuri da lokaci kuma zai gane. Yana zaure kullum daga hantsi zuwa azahar, kuma duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Don Allah kada a jinkirta.